Awon baki domin dashen haƙori: na'urar sikanin ko ƙullun awo, wanne ya fi daidaito?

Awon baki shi ne ɗaukar siffar haƙora da dasashi da matsayin turken da aka dasa a ƙashin muƙamuƙi, domin a kai wa maƙerin haƙora ya ƙera haƙorin da zai zauna a kan turken. Hanyoyi biyu ne likitocin haƙori suke bi a yau. Ta farko ita ce tsohuwar hanya, inda ake zuba wani ƙullu mai kama da roba a tire, a danna shi a baki har ya daskare. Ta biyu ita ce ta na'urar sikanin, wadda ake zagayawa da ita cikin baki tana ɗaukar hotuna, kwamfuta kuma tana harhaɗa su su zama siffar bakin. Tambayar wacce ta fi daidaito ta shafi aljihu da lafiyar duk wanda zai yi dashe, musamman mutumin Kazaure ko Ɓaɓura ko Roni ko Gwiwa, wanda kowane gyara yake nufin sabuwar tafiya zuwa birni.

Mene ne dashen haƙori

Dashen haƙori aiki ne na maye gurbin saiwar haƙorin da ya faɗi da wani ɗan turke mai zare irin na noti, wanda galibi ake yi da ƙarfen titaniyam. Likita yana huda ƙashin muƙamuƙi ya ɗaura turken, a bar shi har ƙashi ya kama shi, sannan a ɗora masa haƙorin da aka ƙera. Ya bambanta da haƙoran roba da ake cirewa da dare, ya kuma bambanta da haƙorin Makka, wanda hula ce kawai ta zinariya ko azurfa da ake sanya wa haƙori mai saiwarsa.

Asalin wannan aiki yana komawa ga wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark. A shekarar 1952, yana binciken gudanar jini a ƙashin zomo, ya tarar ƙarfen titaniyam da ya sanya ya manne da ƙashin har ya ƙi fita. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gothenburg, wani mai suna Gösta Larsson, wanda ya rayu da turakun nan har rasuwarsa a 2006. Taron da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982 shi ne ya sa likitocin duniya suka karɓi hanyar. A tsarin Brånemark na asali ana jiran wata uku a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama, kafin a ɗora haƙori, ko da yake a yau ana rage wannan lokaci idan ƙashi yana da ƙwari.

Masu buƙatar aikin ba kaɗan ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa cututtukan baki suna damun mutum kusan biliyan 3.5, kuma kusan kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko ɗaya. A ƙasar Hausa ruɓewar haƙori da ciwon dasashi su ne manyan dalilan giɓi, sai haɗarin babur da ke karya haƙoran gaba na matasa.

Dalilin da ya sa awo yake da nauyi

Haƙorin da aka haifi mutum da shi ba a manne yake da ƙashi kai tsaye ba. Akwai wasu siraran jijiyoyi tsakanin saiwa da ƙashi da suke ba shi damar ɗan motsawa, tsakanin maikuron 25 zuwa 100 idan aka danna shi. Maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, kaurin gashin kai ɗaya kuwa yana kamawa daga maikuron 50 zuwa 100. Turken dashe ba shi da waɗannan jijiyoyi. Motsinsa idan aka danna shi bai wuce maikuron 3 zuwa 5 ba. Saboda haka haƙori na ainihi yana iya jure ƙaramin kuskuren awo ta hanyar gusawa, turke kuwa ba ya gusawa.

Idan aka ƙera gadar haƙora a kan turaku biyu ko fiye, aka kuma yi kuskure a tazarar da ke tsakaninsu, ɗaure notin zai tilasta wa gadar ta zauna da ƙarfi. Wannan matsin yana nan dare da rana, ko mutum yana tauna ko ba ya yi. Abin da ke biyo baya shi ne kwancewar noti a kai a kai, ko karyewarsa, ko tsagewar tangaran da ke jikin haƙorin. Idan kuma ɗan rami ya rage tsakanin turke da abin da aka ɗora masa, ƙwayoyin cuta suna taruwa a nan su kumbura dasashi, kumburin kuma yana iya kaiwa ga cin ƙashin da ke riƙe da turken.

Masana ba su tsaya a kan adadi ɗaya ba game da kuskuren da za a iya yafewa. Brånemark ya nemi kada ya wuce maikuron 10. Daga baya wani abokin aikinsa, Torsten Jemt, ya ɗauki maikuron 150 a matsayin iyaka. Yawancin bincike a yau suna auna hanyoyin awo da wannan ma'auni na maikuron 100 zuwa 150, wato kaurin gashi ɗaya ko biyu.

Awon ƙullu: tarihinsa da yadda ake yin sa

Philipp Pfaff, likitan haƙorin Sarki Frederick na Purushiya, shi ne ya bayyana a 1756 yadda ake ɗaukar siffar baki da kakin zuma sannan a zuba filasta a ciki. A tsakiyar ƙarni na 19 Charles Stent na Landan ya haɗa wani kaki mai laushi idan ya ji zafi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka daina samun sinadarin agar daga Japan, sai aka koma ga aljinet, garin da ake samu daga ciyawar teku, wanda har yau shi ne ƙullun da aka fi gani a asibitocin haƙori na gwamnati saboda araharsa. A 1965 kamfanin ESPE na Jamus ya fito da foliyita, a shekarun 1970 kuma aka samu silikon na zamani. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ake yin awon dashe da su. Aljinet ba ya riƙe sandar awo da ƙarfi, don haka aikinsa ya tsaya ga ɗaukar siffar ɗaya muƙamuƙin da zai haɗu da sabon haƙorin.

Ga yadda aikin yake tafiya. Likita yana ɗaure wata 'yar sandar awo a kan kowane turke. Sai ya cika tire da ƙullu ya danna a baki, a jira 'yan mintoci ya daskare. Akwai salo biyu. A salon rufaffen tire, ana cire ƙullun a bar sandar a baki, sannan a kwance ta a mayar da ita raminta a cikin ƙullun da hannu. A salon buɗaɗɗen tire, ana huda tiren ta inda notin sandar zai leƙo, a kwance shi kafin a cire, sandar ta fito a cikin ƙullun ba tare da an taɓa ta ba. Idan turaku sun kai huɗu ko fiye, bincike ya fi goyon bayan buɗaɗɗen tire, kuma likitoci da yawa suna ɗaure sandunan da juna da wani ƙaro mai tauri domin kada su motsa.

A ɗakin ƙira ana ɗaura kwafin turke a kan kowace sanda, a zuba filasta mai ƙarfi, a samu mutum-mutumin bakin. A kan wannan ne maƙeri yake gina haƙorin.

Inda kuskure yake shiga awon ƙullu

Kowane mataki yana da nasa kuskuren, kuma kurakuran suna taruwa. Ƙullun yana ɗan ƙanƙancewa idan ya daskare. Cire shi daga baki yana miƙe shi, musamman idan turakun ba su miƙe a layi ɗaya ba, kuma ba lallai ya koma yadda yake ɗari bisa ɗari ba. Sandar awo tana iya juyawa lokacin da ake ɗaura mata kwafin turke. Ƙaron da aka ɗaure sanduna da shi yana ƙanƙancewa sosai, shi ya sa ƙwararru suke yanka shi bayan ya daskare su sake haɗawa da ɗan kaɗan. Filastar kuma tana kumbura da kusan kashi 0.1 cikin 100. Adadin yana da kamar ƙarami, amma a faɗin muƙamuƙi na milimita 50 ya kai maikuron 50, wato rabin iyakar da ake yafewa.

Yanayi ma yana da tasiri. Zafi yana gaggauta daskarewar ƙullu, har ya fara kamawa kafin a zaunar da tiren. Aljinet yana bushewa ya ƙanƙance idan aka bar shi a iska, yana kumbura idan aka jiƙa shi a ruwa, don haka ana so a zuba masa filasta cikin mintoci kaɗan. Foliyita yana tsotsar ruwa, dole a ajiye shi a bushe. Silikon ya fi su juriya, yana iya yin kwanaki bai canja ba, sai dai sinadarin sulfa da ke jikin wasu safar hannu na roba yana hana shi daskarewa yadda ya kamata. Ga mara lafiya kuwa, babbar damuwar ita ce tashin zuciya da jin kamar za a shaƙe idan ƙullun ya kai ganɗa.

Duk da haka hanyar tana da ƙarfi guda da ba a raina shi: tana ɗaukar dukkan muƙamuƙin a lokaci ɗaya, a dunƙule ɗaya. Ba ta buƙatar lantarki, kayanta ba su da tsadar na'ura, kuma maƙeran haƙora a Najeriya sun daɗe da sanin ta.

Awon na'ura: tarihinsa da yadda ake yin sa

Wani ɗalibin likitancin haƙori a Liyon ta Faransa, François Duret, shi ne ya gabatar da tunanin auna baki da haske a kundin digirinsa na 1973. A 1985 Werner Mörmann da Marco Brandestini na Jami'ar Zurich a Suwizalan suka yi wa mara lafiya na farko aiki da na'urarsu mai suna CEREC. Na'urorin farko suna buƙatar a barbaɗa farar hoda a haƙora domin rage ƙyalli. Na yanzu ba sa buƙatar haka. Kamfanin 3Shape na Denmak ya fito da TRIOS a 2011, kamfanin Medit na Koriya ta Kudu ya fito da i500 a 2018 da farashi mai sauƙi, Dentsply Sirona kuma ya fito da Primescan a 2019. Akwai kuma iTero na kamfanin Align da ke Amurka.

A wannan hanya likita yana ɗaure wata 'yar alamar sikanin a kan turken, wadda ake yi da titaniyam ko wata roba mai tauri. Siffarta tana ajiye a cikin manhajar kwamfuta tun daga masana'anta. Kan na'urar, wanda girmansa bai fi na babban buroshin goge baki da yawa ba, yana haska haƙora yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna. Manhajar tana gano inda hoto ya yi kama da wanda ya gabace shi ta ɗinke su. Da ta ga alamar sikanin, sai ta dace ta da siffar da ke ajiye, ta lissafa zurfin turken da karkatarsa da juyawarsa. Fayil ɗin da aka samu ana tura shi ta intanet zuwa ɗakin ƙira, a zana haƙorin a kwamfuta, injin sassaƙa ya fitar da shi daga dunƙulen zakoniya ko titaniyam.

Ta haka an kauce wa ƙanƙancewar ƙullu da kumburar filasta. Likita yana ganin awon a allo nan take, idan wani wuri bai fito ba ya goge shi kaɗai ya sake. Fayil ba ya lalacewa a hanya, kuma idan haƙorin ya karye bayan shekaru ana iya sake sassaƙa shi daga ajiya. Bincike da dama sun nuna marasa lafiya sun fi son wannan hanya, kuma a aikin turke ɗaya ta fi sauri.

Inda kuskure yake shiga awon na'ura

Rauninta yana cikin ɗinkin hotuna. Na'urar ba ta ganin dukkan baki lokaci ɗaya, tana ganin haƙori ɗaya ko biyu ne kawai. Misalinta kamar maginin da yake auna doguwar katanga da ɗan gajeren ma'auni: duk sanda ya ɗaga ya sake ajiyewa, ɗan kuskure yana shiga, kafin ya kai ƙarshen katangar kurakuran sun zama abin gani. Idan akwai haƙora a baki, tudu da kwarin da ke jikinsu suna taimaka wa manhajar ta gane inda take. Idan babu haƙori ko ɗaya, abin da ke tsakanin turke da turke dasashi ne mai santsi, mai ƙyalli, mai motsi, alamomin sikanin kuma duk kamarsu ɗaya. A nan manhajar takan ruɗe. Muƙamuƙin ƙasa ya fi wuya saboda harshe da miyau da ƙarancin dasashi mai tauri.

Akwai sauran abubuwan da ke rage daidaito. Miyau da jini suna karkatar da haske. Fitilar kujerar likita idan ta haska kai tsaye tana damun wasu na'urori. Turken da ya nutse sosai a dasashi yana ɓoye yawancin alamar, manhajar ta rasa abin da za ta dace da shi. Alamar da aka yi ta amfani da ita ana dafawa tana cinyewa, wadda ba a ɗaure ta sosai ba kuwa tana ba da matsayin ƙarya. Na'urar tana buƙatar a riƙa daidaita ta lokaci lokaci bisa umarnin masana'anta. Tsarin da likita ya bi wajen zagaya bakin da yawan gogewarsa su ma suna canja sakamako, haka nan na'urori ba ɗaya suke ba.

Abin da bincike ya nuna

Masu bincike suna raba daidaito gida biyu bisa ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 5725. Na farko shi ne kusancin awo da gaskiyar abin da aka auna. Na biyu shi ne kusancin awo da juna idan aka maimaita. Sikelin mai nama da kullum yake ƙara giram 100 yana da na biyu, ba shi da na farko. A ɗakin gwaji ana auna mutum-mutumin baki da babbar na'urar masana'antu domin a san gaskiyarsa, sannan a gwada hanyoyin biyu a kansa. A bakin mutum mai rai ba a iya yin wannan awo na asali kai tsaye, shi ya sa yawancin alƙaluman da ake da su daga ɗakin gwaji suka fito, inda babu miyau, babu harshe, babu motsi.

Ƙungiyar ƙwararrun dashe ta duniya, ITI, ta tattara binciken da ake da shi a taronta na shida a Amsterdam ta ƙasar Holan a 2018. Matsayar da aka cimma ita ce: a turke ɗaya ko turakun da ke maƙwabtaka da juna a bakin da ke da sauran haƙora, awon na'ura yana daidai da awon ƙullu, kuma ana iya dogara da shi. Daidaitonsa yana raguwa gwargwadon yadda tazara tsakanin turaku take ƙaruwa. Taron bai ba da shawarar a mayar da shi hanyar yau da kullum ba a doguwar tazara ko a muƙamuƙin da babu haƙori ko ɗaya. Tun daga lokacin na'urori sun inganta, wasu binciken suna nuna sun kamo ƙullu ko a cikakken muƙamuƙi, wasu kuma suna nuna har yanzu buɗaɗɗen tire mai ɗaurarrun sanduna ya fi su. Saboda wannan saɓani likitoci da yawa suke yin sikanin sannan su tabbatar da shi da gwaji na zahiri kafin a sassaƙa gada ta ƙarshe.

A taƙaice, a haƙori ɗaya ko gada gajeriya hanyoyin biyu sun wadatar idan mai yi ya ƙware. A karkatattun turaku na'ura tana da fifiko, domin ba a ja wani abu daga baki balle ya miƙe. A turken da ya nutse ƙwarai, ko dasashin da ke zubar da jini, ƙullu yakan fi dacewa. A cikakken muƙamuƙi kuwa kowace hanya tana buƙatar a tabbatar da ita.

Hanya ta uku

Domin magance matsalar cikakken muƙamuƙi an ƙirƙiro wata na'ura da ke tsayawa a wajen baki. Ana ɗaure wa turaku wasu 'yan tutoci masu ɗigo-ɗigo, kyamarori biyu ko fiye su ɗauke su duka lokaci ɗaya, a lissafa matsayinsu kamar yadda masu safiyo suke lissafa filaye daga hotunan sama. PIC na ƙasar Sifen da iCam4D na Suwizalan suna cikin sanannun irinta. Da yake ba ta dogara da ɗinkin hotuna a kan dasashi ba, kuskurenta ba ya taruwa da tsawon tazara kamar na sikanin. Amma turaku kaɗai take gani, ba ta ɗaukar dasashi, don haka sai an haɗa ta da sikanin ko ƙullu. Tsadarta ta sa sai manyan cibiyoyin da suka ƙware a aikin cikakken baki suke mallakarta.

Abin da wannan ke nufi ga Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa

Kazaure da Roni da Gwiwa suna ƙarƙashin Masarautar Kazaure, Ɓaɓura kuwa tana Masarautar Ringim, a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, babban birninsu Dutse ne, amma mutumin Kazaure ya fi kusa da Kano ta hanyar Ɗambatta. Dashen haƙori aiki ne na ƙwararru, ana samun sa ne a asibitocin koyarwa da manyan asibitoci masu zaman kansu na birane irin su Kano da Abuja da Legas. Babbar cibiyar koyar da likitancin haƙori mafi kusa da yankin ita ce Tsangayar Likitancin Haƙori ta Jami'ar Bayero, wadda take aiki da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Aikin dashe ba na zuwa ɗaya ba ne. Akwai zuwan dubawa da hoton ƙashi, da na dasa turke, da na cire zare, da na awo, da na gwaji, da na ɗora haƙori, sannan dubawa a kai a kai. Awon da bai yi daidai ba yana ƙara aƙalla zuwa ɗaya ko biyu. Ga manomin Gwiwa a tsakiyar damina, ko ɗan kasuwar Ɓaɓura, ko malamin makaranta a Roni, wannan kuɗin mota ne da asarar yini, bayan kuɗin aikin da yawancin kayansa daga waje ake sayo su da kuɗin ƙasashen waje.

Yanayin yankin yana gwada hanyoyin biyu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, wanda ke gaggauta daskarewar ƙullu, yana kuma lalata shi idan an ajiye shi a ɗakin da babu sanyi. Iskar hunturu tana busar da aljinet da sauri. Awon ƙullun da za a kai wani gari dole a wanke shi a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, a naɗe shi yadda ba zai matse ba, kuma a nan silikon ya fi dacewa. Fayil ɗin sikanin ba ruwansa da zafi ko nisan hanya, yana isa Kano ko Legas cikin mintoci. Amma na'urar tana buƙatar lantarki tsayayye, ko na KEDCO mai rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ko sola, ko janareta. Tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, da intanet, da kariya daga ƙura, da mai gyara idan ta lalace, da ɗakin ƙira mai injin sassaƙa a ɗaya ɓangaren. Asibitin da ya sayi na'ura ba tare da waɗannan ba ya sayi rabin aiki ne.

Akwai kuma batun jinkiri. Bayan an cire haƙori ƙashin wurin yana shanyewa, faɗinsa yana iya raguwa da kusan rabi cikin shekara ɗaya, mafi yawa a wata ukun farko. Wanda aka cire wa haƙori a wajen wanzami, ko ya bar giɓi shekaru, yakan zo da ƙashi siriri. Wannan yana tilasta wa likita ya karkatar da turke ko ya nutsar da shi, abin da ke wahalar da awo ta kowace hanya. Zuwa asibiti da wuri yana sauƙaƙa dukkan aikin da zai biyo baya.

Yadda ake tabbatar da awo

Likitan kirki ba ya dogara da sunan hanya, yana gwada sakamakonta. Kafin awo yana iya ɗaukar ɗan hoton eksire ya ga ko sandar awo ko alamar sikanin ta zauna daidai a kan turke. A aikin turaku da yawa ana haɗa wata sandar gwaji daga mutum-mutumin bakin a ɗora ta a baki, wani lokaci da filasta ake yin ta domin ta karye idan akwai matsi. Akwai kuma gwajin noti ɗaya, wanda aka fi sani da gwajin Sheffield: ana ɗaure notin gefe ɗaya kawai na gadar a duba ko ɗaya gefen ya ɗaga. Idan ya ɗaga, gadar ba ta zauna ba, sai a gyara ko a sake. A ƙarshe ana ɗaure noti da maɗauri mai ma'auni, gwargwadon ƙarfin da masana'antar turken ta ƙayyade.

Mara lafiya yana da haƙƙin yin tambaya. Yana iya neman tabbacin cewa likitan yana da rajista da lasisin shekara daga Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN. Yana iya tambayar wace hanyar awo za a bi da dalilin zaɓarta, da inda za a ƙera haƙorin, da wanda zai ɗauki nauyin sakewa idan bai zauna ba. Yana da kyau ya karɓi sunan kamfanin turken da girmansa a rubuce ya adana, domin notin wani kamfani ba ya shiga na wani, kuma duk likitan da zai yi gyara nan gaba sai ya nemi wannan bayani. Idan sikanin aka yi, yana iya neman kwafin fayil ɗin.

Awo mai kyau ba ya rufe sauran sharuɗɗa. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba, da shan taba, da ciwon dasashi da ba a yi maganinsa ba, duk suna ƙara haɗarin faɗuwar dashe. Ba a yi wa yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba. Bayan an gama kuma turken yana buƙatar tsafta kamar haƙori na ainihi, da buroshi ko asuwaki mai laushi da zaren sakace, da komawa wurin likita lokaci lokaci. Duk wanda ya ji haƙorin dashensa yana girgiza, ko dasashin wurin yana jini ko wari, ya kamata ya koma asibiti ba tare da jira ba, domin notin da ya kwance ana ɗaure shi cikin mintoci, wanda ya karye a cikin turke kuwa fitar da shi babban aiki ne.